Yadda Ake Raba Waƙoƙin Wasan Dandali Ba Tare Da An Lalata Su Ba



Yau maganarmu a kan sautin wasa ne da aka ɗauka kai tsaye a gaban jama'a. Kun san irin fayil ɗin nan da ke yawo a WhatsApp, a ce waƙar Shata ce ko ta Barmani Choge, kana kunnawa sai ka ji ta faro daga tsakiyar amshi, ko ta katse ana cikin guɗa. Wani ne ya samu dogon faifai ya daddatsa shi yadda ya ga dama. Shata ya rasu tun 1999, ba zai dawo ya maimaita wannan wasan ba. Abin da aka yanke aka zubar, ya tafi ke nan.

To ya ake yin aikin daidai?

Kafin komai, ajiye na asali a gefe, ka yi aiki da kwafi. Sannan ka duba nau'in fayil ɗin. WAV da FLAC ba sa zubar da komai daga sautin. MP3 kuwa, duk lokacin da ka gyara shi ka sake ajiyewa a matsayin MP3, sai ingancinsa ya ragu, kamar dai kwafar kaset daga kaset. Idan MP3 kawai ka samu, manhajar mp3DirectCut tana yanka shi ba tare da ta sake matse sautin ba.

Idan an riga an raba wasan ba daidai ba, fara haɗe guntayen su koma dogon sauti guda. Manhajar Audacity kyauta ce, kuma ta isa wannan aiki. Amma ka lura, MP3 yakan ƙara ɗan shiru a farko da ƙarshen kowane fayil. A waƙar situdiyo ba a jin sa, amma a tsakiyar tafi ko kiɗan kalangu, kunne na kama shi nan take. Sai ka buɗe wurin sosai ka cire shi da hannu.

Yanzu sai sa alama. A Audacity, ka tsaya inda kake so waƙa ta fara ka danna Ctrl da B, ka rubuta sunanta. Kafin nan danna Z, manhajar za ta matsar da kai daidai inda igiyar sautin ta ratsa layin tsakiya. Yankan da aka yi a nan ba ya yin ƙaran "ƙas" ɗin nan. Ka gama sa alamomin, sai ka fitar da su fayil-fayil a lokaci guda.

Amma inda gizo ke saƙar shi ne: a ina waƙa take farawa? A wasan Bahaushe, kafin waƙa ta kankama akwai kirarin maroƙi, akwai gaishe-gaishe, akwai ambaton wanda aka yi wa waƙar. Wasu suna ɗaukar wannan surutu ne su goge. Ni a ganina nan tarihin yake. Daga nan ake gane garin da aka yi wasan, da wanda ya shirya shi, da mutanen da suka halarta. Don haka kirari da gabatarwa su bi waƙar da suke buɗewa, tafi da guɗa su bi wadda aka gama. Kada ka dusashe sautin tsakanin waƙoƙi. Bar wannan ga farkon wasa da ƙarshensa kawai.

Gwajin ƙarshe: jera fayilolin ka kunna su ɗaya bayan ɗaya, ka rufe ido. In ba ka gane inda aka yanka ba, aiki ya yi. Ka sa musu lamba, 01, 02, 03, ka rubuta sunan mawaƙi, da wuri da shekara in ka tabbatar da su. Kuma kafin ka ɗora a intanet, nemi izinin mai waƙa ko magadansa, haƙƙinsu ne.

Wa ke da tsohon kaset a gida? Ku faɗa mana na wane mawaƙi ne a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.