Yadda Aka Gano Gubar Dalma a Zamfara

A farkon 2010 yara suka yi ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum bayan amai da jijjiga. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun zargi zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau, amma magani ya ƙi ci. Sai suka lura cewa a cikin gidaje ake daka dutsen zinariya, ƙurarsa na sauka inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Gwajin jini ya tabbatar da gubar dalma.

Magani kaɗai ba zai wadatar ba, domin yaron da ya samu sauƙi gidan da gubar take zai koma. Shi ya sa aka fara da kwashe ƙasar tsakar gidaje. Abin takaici, sai 2013 aikin ya isa ƙauyen Bagega, wanda shi ma gubar ta shafa.