Faifan NAS ya mutu? Kada ka yi gaggawar gyara

Akwatin ajiyar bayanai na NAS, irin na Synology ko QNAP, yakan fara ƙara idan faifai ɗaya ya mutu. In tsarin RAID 5 ne, fayilolinka suna nan, domin an rarraba su a faifai uku ko fiye, tare da lissafin da ke cike gurbin guda ɗaya. Guda ɗaya tak.

Haɗarin yana wajen gyaran. Da zarar ka saka sabon faifai, na'urar za ta karanta kowane lungu na sauran, aikin da kan wuce kwana guda idan faifan manya ne. Galibi kuma tare aka saye su, tare suka tsufa. Na biyu ya gaza ana tsaka da aikin, shi ke nan, rumbun ya rufe. Don haka fara kwashe abin da ya fi muhimmanci tun yana buɗewa.

In kuwa ya riga ya rufe, kashe na'urar. Rubuta wa kowane faifai lambar gurbinsa, sannan a kwafe su ɗaya bayan ɗaya da manhajar ddrescue, a yi aiki a kan kwafin. Yawancin waɗannan akwatuna Linux ne a cikinsu, saboda haka kwamfuta mai Ubuntu kan iya sake haɗa faifan da mdadm.

Duk saƙon da ya nemi a goge faifai a sake tsara shi, ka ce a'a. Wanda ke ƙas-ƙas kuwa, kada a sake kunna shi, aikin ƙwararru ne.