Zawon Haƙori: Suna da Gaskiyar Cuta



Nazarin harshe ya koya mana cewa sunan da aka laƙaba wa cuta shi ke nuna yadda za a bi da ita. A nan birnin Katsina, in jariri ya kama zawo, sai a ce haƙori ne, a zuba ido. Alhali kuwa ƙwayoyin cuta ne da mai rarrafe ke kaiwa baki. Abin da ke kisa shi ne ƙarewar ruwan jiki: idanu su zurma, maɗiga ta faɗa, fitsari ya ragu.

Saboda haka, a tafasa ruwa lita 1, ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan, kada kuma a janye masa nono. In an ga jini a zawon, ko ya ƙi tsotso, ko yana amayar da kome, to, a garzaya da shi Asibitin Turai 'Yar'aduwa ko asibiti mafi kusa. Haƙori zai tsiro a lokacinsa, muddin yaron na raye.