Charles Cordier: Bafaranshen da Ya Yi Suna da Sassaƙa Fuskokin 'Yan Afirka

A shekarar 1848 ne gwamnatin Faransa ta soke bauta a dukkan ƙasashen da take mulka. A wannan shekara kuma, a babban bikin baje kolin zane da sassaƙa na birnin Paris, wani saurayi mai suna Charles Cordier ya fito da mutum-mutumin wani baƙar fata, daga kai zuwa ƙirji, cikin kwarjini da kamala, abin da mutanen Turai ba su saba gani ba a wancan zamani.

Shi dai Cordier an haife shi ne a garin Cambrai da ke arewacin Faransa a 1827, ya kuma koyi sana'a a hannun fitaccen masassaƙin nan François Rude. A 1847 ya haɗu da Seïd Enkess, mutumin Sudan da aka taɓa bautarwa, wanda bayan samun 'yanci yake neman abinci ta hanyar zama gaban masu zane su kwaikwayi siffarsa. Wannan haɗuwa ce ta ɗora Cordier a kan turbar da ya bi har ƙarshen rayuwarsa.

Aikin ya sami karɓuwa ƙwarai, har Sarauniya Victoria ta Ingila ta sayi kwafinsa na tagulla a bikin baje kolin duniya na Landan a 1851. Daga shekarar zuwa 1866, Cordier ya yi wa gidan tarihin halittu na Paris aikin sassaƙa siffofin al'ummu dabam-dabam. Wannan ya kai shi Aljeriya a 1856, da Girka a 1858, da Masar a 1866. A Aljeriya ya sami wani dutse mai launuka da ake haƙowa, ya shiga haɗa shi da tagulla: fuska ta tagulla, rawani da riga na dutse. Masu ganin farar marmara ce kaɗai ta dace da sassaƙa sun kushe wannan salo, amma masu saye suka yi ta rububinsa. Shi ne kuma ya ƙera mutum-mutumin Ibrahim Pasha a bisa doki, wanda aka kafa a Alƙahira a 1872.

Cordier ya fito fili ya ce kyau ba gadon wani jinsi ɗaya ba ne, kowace al'umma da irin nata. To sai dai masu iya magana sun ce kowane allazi da nasa amanu. Gidan tarihin da ya ɗauke shi aiki yana tara siffofin ne domin nazarin jinsunan ɗan Adam, a lokacin da malaman Turai da dama ke fifita wani jinsi a kan wani, Faransa kuma tana mamaye da Aljeriya. Ta haka mutanen da suka zauna gabansa suka koma samfuri kawai. Shi kansa Seïd Enkess an fara baje siffarsa da sunan Saïd Abdallah na ƙasar Darfur, daga baya aka riƙa kiranta baƙin mutumin Tumbuktu, garin da ke can wani ɓangare na nahiyar.

Cordier ya koma da zama birnin Aljiyas, inda ya rasu a 1905, sunansa kuma ya dushe na tsawon shekaru. A 2004 gidan tarihi na Orsay da ke Paris ya shirya babban baje kolin ayyukansa. A 2019 kuma gidan ya yi wani a kan baƙaƙen fatar da masu zane na Faransa suka kwaikwayi siffarsu, inda aka binciko sunayen wasu daga cikinsu, aka rubuta a jikin ayyukan.