Tarwada da Yadda Jikinta ke Shatuwa a Cikin Ƙwai

Tarwada, wadda masana suka raɗa wa suna Clarias gariepinus, tana cikin kifayen da Bahaushe ya fi sani, kuma da wuya a sami zangon Hausawa a Afirka ta Yamma da ba ta shiga tukunyarsa, ko ɗanya ko banda. A Akodésséwa, unguwar da ke gabashin Lome ta ƙasar Togo kusa da tashar jiragen ruwa, kifin teku ne ya fi cika kasuwa, amma tarwada 'yar ruwan daɗi ce, daga koguna irin su Zio da Haho da Mono take zuwa, ko daga kududdufan masu kiwo. Kanta faffaɗa ne mai taurin ƙashi, gashin bakinta takwas, fatarta santsi ba ɓawo, kuma a bayan gaɓar numfashinta akwai wata tsoka mai rassa da take shaƙar iska da ita, shi ya sa takan rayu a taɓo bayan ruwa ya janye. Rashin ɓawon nan ya haramta ta a dokar abincin Yahudawa, alhali mazhabar Malikiyya da Hausawa ke bi ta halatta ta kamar kowane kifi.

Masunta suna cewa kifi na ganinka mai jar koma, sai dai tarwada ƙananan idanu gare ta, kuma a ruwa mai laka take farauta da dare, don haka da ji da ɗanɗano ta fi gane duniya. Gashin bakinta da fatarta cike suke da ƙwayoyin ɗanɗano, sannan ƙasusuwan farko na gadon bayanta sun rikiɗe sun zama 'yar sarƙar da ke ɗauko motsin sauti daga jakar iska zuwa kunne, wadda Ernst Weber ya bayyana a 1820. Abin da ya cancanci a tsaya a kansa shi ne cewa shacin wannan jiki duka, inda kai zai kasance da inda wutsiya za ta fita, ana gama shi cikin kwana ɗaya tak, a cikin ƙwan da bai kai ƙwayar gero ba, domin idan ruwa yana da ɗumi ƙwan tarwada yakan ƙyanƙyashe bayan kimanin sa'o'i 24.

Mafi yawan abin da aka sani game da wannan kwana ɗaya an samo shi daga wani ɗan ƙaramin kifin kogunan Indiya mai zane kamar na jakin dawa, Danio rerio, wanda ɗan uwan tarwada ne na nesa, tunda shi ma yana da sarƙar Weber da gashin baki. George Streisinger na Jami'ar Oregon a Amurka ne ya shigar da shi ɗakin bincike, saboda ƙwansa garau yake, ana kallon tayi yana ginuwa, sannan a 1996 ƙungiyar Christiane Nüsslein-Volhard a Tübingen ta Jamus da ta Wolfgang Driever a Boston suka fitar da sakamakon wani gagarumin aiki, inda suka riƙa lalata ƙwayoyin gado suna duba nakasar da za ta biyo baya. Ƙwayar gado wani yanki ne na zaren DNA da ke cikin kowace ƙwayar jiki, wanda yake ɗauke da umarnin ƙera furotin guda, kuma ta hanyar nakasar ne ake gane aikin da take yi lokacin da take lafiya.

A sa'o'in farko ƙwayoyin gadon tayin shiru suke, uwa ce ke magana. Hausawa suna cewa gaiwa jikinta take ci idan rani ya binne ta a busasshiyar laka. Tayin kifi kuwa guzurin uwa yake ci, kuma guzurin ya ƙunshi gwaiduwa da kuma saƙonni da furotin da ta zuba a ƙwai tun yana cikinta. Ƙwayar jiki ɗaya da ke zaune a saman gwaiduwa takan rabu biyu, huɗu, takwas, kusan kowane minti 15 a Danio, har su kai wajen dubu bayan sa'o'i uku, sa'annan ne ƙwayoyin gadon tayin, rabi na uwa rabi na uba, suke karɓar ragama. Kafin lokacin an riga an zaɓi gefen da zai zama baya, domin wani furotin na uwa mai suna beta-katenin yakan taru a gefe guda, ya kunna ƙwayoyin gadon da ke kafa wani ɗan kumburi da ake kira garkuwa. A shekarun 1930 Jane Oppenheimer ta yanko wannan garkuwa daga tayin kifi ta dasa a wani gefen na wani tayin, sai ga baya na biyu ya tsiro, kamar yadda Hans Spemann da Hilde Mangold suka gani a 1924 a wata halitta 'yar uwar kwaɗo. Aikin garkuwa na hanawa ne: ɓangaren ciki yana fitar da furotin BMP, ita kuma tana fitar da Chordin da ke ɗaure shi, ta yadda kowace ƙwayar jiki take sanin matsayinta gwargwadon yawan BMP da ya iso mata. Inda ya yi yawa fata da jini ake samu, inda ya yi ƙaranci ƙwaƙwalwa da laka. Tayin da ya rasa Chordin yakan fito da ƙaramin kai da kumburarriyar wutsiya.

Daga nan sai jiki ya fara yankuwa gunduwa-gunduwa daga wuya zuwa wutsiya, biyu-biyu a gefen gadon baya, kusan kowane rabin sa'a, bisa wani agogo na ƙwayoyin gado masu kunnuwa da mutuwa a kai a kai, kuma waɗannan gunduwoyi ne suke zama ƙashin baya da faifan tsokar nan da mai cin banda yake ɓarewa da yatsa. Abin da ke gaya wa kowace gunduwa ko ta kusa da kai ce ko ta wutsiya shi ne ƙwayoyin gadon Hox, waɗanda aka fara ganowa a ƙuda, aikin da ya kai Edward Lewis ga kyautar Nobel ta 1995, kuma jerinsu a kan zaren DNA ya yi daidai da jerin sassan jikin da suke mulka. Ɗan Adam yana da rukuni huɗu nasu, Danio yana da bakwai, saboda kakannin waɗannan kifaye sun taɓa ninka gadonsu gaba ɗaya.

Hali zanen dutse, in ji Hausawa, amma ƙwan tarwada ya nuna cewa ana yin zanen ne a cikin ruwa, kuma ruwan yana iya karkatar da shi. Togo tana shigo da kaso mai yawa na kifin da take ci daga waje, Nijeriya kuwa ta fi kowace ƙasa kiwon wannan kifi, don haka maƙyanƙyasa ta zama wurin da wannan ilimi yake taɓa aljihun talaka. Mai ƙyanƙyasa yakan yi wa mace allura, ya tatse ƙwan bayan wasu sa'o'i, ya yanka namiji ya ciro maniyyinsa, ya gauraya, ya shimfiɗa a kan raga. Idan ya makara wajen tatsa guzurin uwa ya fara lalacewa, idan ruwa ya yi zafi ainun ko iskarsa ta ƙare a sa'o'in da gunduwoyi ke yankuwa agogon ya rikice, sai 'ya'ya su fito da karkataccen baya wanda babu abincin da zai miƙe shi. Haka kuma wanda yake ta haɗa wa da ƙanwa daga kududdufi guda yana tara ɓoyayyun lahani, waɗanda ba sa bayyana sai ɗa ya gaje su ta uwa da ta uba. Abin takaici ne cewa kifin da miliyoyin mutane ke ci daga Lome zuwa Argungu har yanzu ta madubin ɗan uwansa na Indiya ake karanta tayinsa, alhali ƙwansa yana samuwa dubbai a tatsa ɗaya, kuma jami'o'in Lome da Zariya da Sakkwato suna kusa da ruwan da yake rayuwa.