Steve Martin: Mai barkwancin da ya yi shekara 28 kafin a saurari kiɗansa

Kwanakin baya ina ofis ina duba takardun jarrabawa, na kunna wani kiɗa a hankali don ya ɗebe mini kewa. Wani abokin aikina ya shigo, ya tsaya ya kasa kunne, sannan ya tambaye ni wane gwani ne wannan. Da na ce masa Steve Martin ne, ɗan wasan nan na Amurka mai farin gashi, sai ya fashe da dariya. Kiɗan bai canza ba, sunan kawai ya ji. Wannan dariya ce ta sa na ɗauki alƙalami.

An haifi Martin a 1945 a jihar Tekzas, ya tashi a Kalifoniya, inda tun yana yaro ya yi aiki a wani shagon kayan rufa-ido a Disneyland. Yana ɗan shekara 17 ya fara koyon banjo, wata molo mai tsirkiya biyar da ake rufe bakinta da fata. Da ya shiga sana'ar barkwanci, irin wadda mutum ke tsayawa shi kaɗai gaban jama'a ya yi ta ba su dariya, sai ya riƙa hawa dandali da ita, sanye da fararen kaya, wani lokaci da kibiyar wasa a ka. Har yakan yi raha cewa ba a iya yin waƙar baƙin ciki da banjo.

Faifansa na farko, Let's Get Small, ya fito a 1977, na biyu kuma, A Wild and Crazy Guy, a 1978. Dukansu sun ci lambar yabo ta Grammy a rukunin barkwanci. A cikin na biyun ne aka sa waƙar King Tut, wadda ya yi don zolayar yadda Amurkawa suka ruɗe da baje kolin kayan Fir'auna Tutankhamun da ake zagayawa da shi a biranensu a lokacin. Waƙar wasa ce, amma an sayar da ita fiye da kwafi miliyan ɗaya.

Faifan da ya fi ɗaukar hankalina shi ne na 1981, The Steve Martin Brothers. Ya raba shi gida biyu: fuska ɗaya barkwanci, ɗaya fuskar kiɗan banjo zalla, babu raha ko ɗaya. Tamkar yana roƙon masu sauraro ne su juya faifan su ji ɗaya mutumin da ke cikinsa. Ba su juya ba. Faifan bai yi kasuwa irin ta magabatansa ba, kuma a wannan shekara ya ajiye barkwancin dandali ya koma fim. A ganina laifin ba na kiɗan ba ne. Idan jama'a suka saba da dariyar mutum, sai su mallake shi. Duk abin da ya kawo daga baya suna jiran inda abin dariyar zai ɓullo, in bai ɓullo ba su ce an cuce su.

Bai daina kaɗawa a gida ba. A 2001 ya shiga cikin makaɗan da suka taya Earl Scruggs, babban malamin banjo, sake naɗar Foggy Mountain Breakdown, aikin da ya ci Grammy. Sai a 2009, shekara 28 bayan wancan faifai mai fuska biyu, ya fitar da The Crow, kundin kiɗan da shi ya tsara da kansa, wanda abokinsa na ƙuruciya John McEuen ya kula da naɗarsa. Ya ci Grammy a rukunin bulugiras, kiɗan gargajiyar yankin tsaunukan Apalashiya. Daga nan ya yi aiki da ƙungiyar Steep Canyon Rangers, sannan da mawaƙiya Edie Brickell a 2013.

Dole a faɗi gaskiya: suna ya buɗe masa ƙofa. Akwai makaɗan banjo da suka fi shi hannu nesa ba kusa ba, waɗanda ba su taɓa ganin dandalin da shi yake samu da kiran waya ɗaya ba. Ina jin ya san haka, domin a 2010 ya kafa kyautar shekara-shekara ta dala 50,000 ga gwanayen wannan kiɗa, waɗanda galibinsu duniya ba ta san da su ba.

Akwai kuma wani tarihi da ya sha gaban nasa. Banjo ba ta turawa ba ce tun asali. Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka ƙera ta a tsibiran Karibiyan da Amurka, da ƙwarya da fata, bisa tsarin kayan kiɗan da suka baro a gida, irin su akonting ta mutanen Jola na Senegal da Gambiya. Wanda ya san gurmi ko garaya, da ya gan ta zai gane dangi ne. A ƙarni na 19 turawa masu shafa baƙi a fuska suka ɗauke ta suna wasan yi wa baƙar fata ba'a, har ta zama alamar wauta, jikokin masu ita kuma suka guje ta. Ashe kafin a yi wa Martin dariya an daɗe ana yi wa abin da ke hannunsa.

A 2016 kyautar da ya kafa ta faɗa hannun Rhiannon Giddens, baƙar fata daga Karolina ta Arewa, wadda ta shafe shekaru tana tunatar da Amurkawa inda banjo ta fito. Waƙoƙinta na kunna wa abokin aikin nawa washegari, ban gaya masa sunan kowa ba, ya zauna ya saurara har ƙarshe.