Kazar Da Ta Tare Wa Hilux Hanya

Ɗan ƙanwata, wanda ke tuƙin babbar mota a jihar Ohio ta Amurka, ya kira ni wani dare bayan sallar isha'i. Muna cikin hira sai ya ce, "Kawu, ka san shekarata uku a ƙasar nan ban ga sabuwar Hilux ko ɗaya ba? Har wurin dillalin Toyota na je, ya ce ba sa sayar da ita." Na ce masa, "Kai dai yaro ba ka duba da kyau ba." Ya ce wallahi ya duba.

Maganar ta tsaya mini a rai. A wajenmu Hilux ba baƙuwa ba ce. Ita ce ke bin yashin Agadas, ita ce a ayarin gwamna, ita ce ke kwaso buhunan masara daga ƙauye. A 1987 sojojin Chadi sun fatattaki na Libiya a kan irin waɗannan motoci, har yaƙin ya ci sunan Toyota. Ita kuma Amurka ƙasar a-kori-kura ce. Fiye da shekara arba'in ke nan a-kori-kurar Ford samfurin F tana kan gaba a ciniki a can. To me ya hana motar da ta fi kowace suna a duniya shiga kasuwar da ta fi kowace son irinta?

Abin da na fara zato shi ne sha'awa. Ba'amurke yana son mota ƙatuwa mai faɗin ƙirji, Hilux kuwa ta yi masa kaɗan. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma bai ƙosar da ni ba, domin Toyota ta daɗe tana sayar da ita a can, kuma ta samu karɓuwa, har zuwa 1995 da ta maye gurbinta da Tacoma, wadda girmansu kusan ɗaya ne. Sai na koma kan dokokin hayaƙi da na kariyar fasinja. Su ma suna da nasu tasiri. Sai dai ana sayar da Hilux a Turai da Ostareliya, inda dokokin ba su da sassauci, kuma kamfani irin Toyota ba zai gaza gyara mota ta dace da dokar wata ƙasa ba in ya ga riba. Ke nan tambayar ta sauya: me ya sa bai ga riba ba?

Na ɗauki takarda na rubuta inda ake haɗa sanannun a-kori-kura da ake sayarwa a Amurka. Tundra a San Antonio ta jihar Texas. Frontier ta Nissan a Mississippi. Ridgeline ta Honda da Santa Cruz ta Hyundai a Alabama. Maverick ta Ford da Tacoma a Meziko. Ko ɗaya a cikinsu babu wadda ta tsallako teku. Alhali ƙananan motocin shiga, jiragen ruwa ne ke sauke su dubbai daga Japan da Jamus da Koriya. Ita kuwa Hilux a Tailan ake ƙera ta, da Afirka ta Kudu, da Ajantina. Da na ga haka na san a bakin tashar jirgin ruwa gizo ke saƙar.

Haka kuwa abin yake. Tsawon shekaru, har zuwa 2025, motar fasinja da ta shigo Amurka tana biyan kuɗin fito kashi 2.5 cikin ɗari na darajarta. Motar ɗaukar kaya kuwa kashi 25 take biya, ninki goma. Kuma wannan haraji yana da suna a bakin 'yan kasuwa da 'yan jarida: harajin kaza.

Mene ne haɗin kaza da mota?

Sai mun koma bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A lokacin manoman Amurka suka ƙware a kiwon kaji dubbai a rumfa ɗaya, naman kaza ya yi arha, suka shiga loda daskararrun kaji zuwa Turai. Jamus ta Yamma ce babbar mai saye. Bajamushen da a da sai ranar biki yake cin kaza ya koma ci duk mako. Manoman Turai suka ɗaga murya. A 1962 ƙasashe shida na Kasuwar Bai-ɗaya ta Turai, wato Faransa, Jamus ta Yamma, Italiya, Holand, Beljiyam da Luksambag, suka fara aiki da manufar noma ta haɗin gwiwa, suka lafta wa kajin waje haraji mai nauyi. Cinikin Amurkawa ya faɗi warwas.

Rigimar ba ta tsaya a kasuwa ba. Sanata William Fulbright, shugaban kwamitin harkokin waje na majalisar dattawa, ɗan jihar Arkansas ne, cibiyar kiwon kaji. Ya kai ga barazanar a rage sojojin Amurka da ke Turai. A tuna, wannan zamani ne da katangar Balin ba ta daɗe da ginuwa ba, duniya na zaune kan ƙaya, amma ga shugaba John Kennedy da shugaban gwamnatin Jamus Konrad Adenauer suna musayar wasiƙu kan kaji. Amurka ta ce asararta dala miliyan 46 ce, Turawa suka ce miliyan 19. Kwamitin sasanci na yarjejeniyar ciniki ta GATT ya yanke miliyan 26.

Ranar 4 ga Disamba 1963, kwana goma sha biyu bayan kisan Kennedy, sabon shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu kan shela mai lamba 3564. Ta ɗaga haraji kan kaya huɗu da aka zaɓa don su yi daidai da waccan asara, kuma su taɓa ƙasashen da suka ja rigimar: barasar birandi don Faransa, sitacin dankali da wani gam da ake yi da sitaci don Holand, sai ƙananan motocin kaya don Jamus, wadda kamfaninta Volkswagen ke cika titunan Amurka da motocinsa masu kama da burodi. Harajin motocin ya tashi daga kashi 8.5 zuwa 25, ya fara aiki a Janairun 1964. A shekarar, darajar motocin kaya da suka shigo daga Jamus ta koma kusan sulusin ta shekarar da ta gabace ta.

A nan na sake tsayawa. In Jamus aka nufa, yaya aka yi dukan ya sauka kan Japan, wadda ba ta hana kazar kowa shiga ba? Amsar tana cikin ƙa'idar GATT: ƙasa ba ta ware wata ƙasa ɗaya a haraji, abin da ta ɗora wa kaya ta ɗora wa kowa. A 1964 wannan bai dami kowa ba, don a-kori-kurar Japan kaɗan ce ke shigowa. Bayan shekara goma, da man fetur ya yi tsada Amurkawa suka juya ga ƙananan motoci, sai Toyota da Datsun da Mazda da Isuzu suka tarar da katanga a gabansu, wadda ba don su aka gina ba.

Dabarun da kamfanoni suka yi don kewaye katangar su ne suka fi nuna mini nauyinta. Da farko suna shigo da kan mota da ƙashinta ba tare da bodin baya ba, su biya kashi 4, sannan a ɗaura bodin a Amurka. Toyota a Long Beach ta jihar Kalifoniya take yin nata. Ford da Chevrolet ma haka suka riƙa shigo da motocin Mazda da Isuzu suna liƙa musu sunayensu. A 1980 aka toshe wannan ƙofa. Kamfanin Subaru kuwa ya fito da wata ƙaramar a-kori-kura mai suna BRAT a 1978. In ka leƙa bayanta, inda ya kamata a zuba kaya, sai ka ga kujeru biyu na roba a kafe, suna kallon baya, a fili ba rufi, da maƙallan hannu a gefe. An sa su ne don jami'in kwastan ya rubuta motar fasinja. Mercedes ta riƙa haɗa motarta Sprinter a Jamus, ta warware ta, ta aika guntayen, a sake haɗawa a South Carolina.

Wanda ya fi ɗaure kai shi ne Ford, kamfanin da harajin ke karewa. Daga 2009 ya riƙa ƙera motar kaya Transit Connect a Turkiyya, ya sa mata kujerar baya da bel, ta sauka a tashar Baltimore a matsayin motar fasinja, ta biya kashi 2.5. Da ta wuce kwastan sai a kai ta wani wurin aiki kusa da tashar, ma'aikata su kwance kujerar, ta fito motar kaya. Hukumar kwastan ta ƙi yarda a 2013, aka shiga kotu, kotun ɗaukaka ƙara ta ba gwamnati gaskiya a 2019, kuma a Maris 2024 Ford ya amince ya biya dala miliyan 365. Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya.

Saura tambaya ɗaya, kuma ita ce uwar sauran. An daɗe da janye harajin birandi da na sitaci da na gam. Me ya sa na mota kaɗai ya rage?

Akwai bayanin da ake yawan kawowa. Johnson yana naɗar maganganunsa na waya a Fadar White House, kuma da aka saki faifan bayan shekaru, an ji cewa a Janairun 1964 yana lallashin Walter Reuther, shugaban ƙungiyar ma'aikatan kamfanonin mota, kada ya kira yajin aiki kafin zaɓen shekarar, kuma ya mara wa dokar 'yancin baƙar fata baya. Shi kuma Reuther damuwarsa motocin Volkswagen da ke kwararowa. Wasu suna cewa a nan aka ƙulla cinikin da ya haifi harajin. Ni ban gamsu ba, saboda kwanan wata bai ba da haka ba: an sa hannu a Disamba, hirar ta zo a Janairu. Abin da faifan ya nuna mini shi ne wanda ya tsaya gadin harajin tun yana jariri. Sitacin dankali ba shi da ƙungiya mai mambobi fiye da miliyan, ba shi da jihar Michigan ko Ohio da ke iya kayar da ɗan takarar shugaban ƙasa. A-kori-kura tana da su. Da tafiya ta yi nisa kuma ta zama saniyar tatsar Ford da General Motors da Chrysler, inda mafi tsokar ribarsu take. Kamfani da ƙungiyar ƙwadago, waɗanda kullum suke zaman doya da manja, a kan wannan bakinsu ɗaya. Mai saye, wanda shi ke biyan ƙarin kuɗin, bai ma san ana cajinsa ba, balle ya yi ƙorafi.

Wannan haraji ya raba kan masu ra'ayin riƙau na Amurka gida biyu. Gida na farko, masu kishin kasuwa sakakkiya, suna ganinsa misalin yadda matakin wucin gadi na gwamnati ke zama na dindindin. Cibiyar Cato ta fitar da takarda a 2003 tana neman a soke shi. Gida na biyu, wanda Pat Buchanan ya share wa fage a takararsa ta shugaban ƙasa a 1992 da 1996, yana ganin kare masana'antar gida shi ne riƙau na gaskiya. Da Donald Trump wannan gida ya shiga fada. Yarjejeniyar ciniki da Koriya ta Kudu ta tanadi a janye harajin daga motocin Koriya zuwa 2021. A 2018 gwamnatin Trump ta sake zaman ciniki, ta tura wa'adin zuwa 2041. A Nuwamban shekarar, da General Motors ya sanar da dakatar da aiki a masana'antarsa ta Lordstown a Ohio, Trump ya fito ya yabi harajin kaza da sunansa, ya ce shi ya raya sana'ar a-kori-kura a ƙasar.

Ban raina hujjar gida na biyu ba. Wanda ya ga garin da masana'antarsa ta rufe ya san abin da rashin aiki ke yi wa magidanci, mu ma mun gani a masaƙun Kaduna da Kano. Kuma gaskiya ne akwai dubban ma'aikata a San Antonio da ƙila ba don katangar ba da a wata ƙasa za a ɗauke su. Amma ina tare da gida na farko, don dalili biyu. Na ɗaya, katangar tana da ƙofa: tun yarjejeniyar NAFTA ta 1994 motocin Meziko suka samu hanyar shiga ba wannan haraji, shi ya sa Tacoma, wadda aka fara ƙerawa a Kalifoniya, yau gaba ɗaya a Meziko ake yin ta. Ba'amurke na biyan tsada, aikin kuma na tsallaken iyaka. Na biyu ya fi damuna. Tsarin mulkin Amurka majalisa ya ba ikon sa haraji. Wannan kuwa alƙalamin mutum ɗaya ne ya kafa shi, bisa ikon da majalisa ta ara wa shugaba a dokar faɗaɗa ciniki ta 1962, dokar da Trump ya jingina da wani sashe nata a 2018 ya ɗora kashi 25 kan ƙarfe. Ko Ronald Reagan ya kare kamfanin babura na Harley-Davidson a 1983, amma ya yanka wa'adin shekara biyar, harajin na raguwa duk shekara, har kamfanin da kansa ya nemi a janye shi a 1987 tun wa'adin bai cika ba. Shelar Johnson ba ta da ranar ƙarewa, kuma babu shugaban da ya zo bayansa, daga kowace jam'iyya, da ya ga ribar siyasa a soke ta.

Bayan mako biyu na kira ɗan ƙanwata na kwashe labarin na faɗa masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kawu, wato kaza ce ta hana ni Hilux?" Na ce kaza ce ta fara, masu mota suka riƙe. Ya ce ai ya riga ya ba da kafin alƙalami a kan wata Tacoma ta hannu. Na ce ya buɗe ƙofar direba ya karanta mini abin da ke jikin takardar da aka manna a ginshiƙin. Ya fita waje da wayar a kunne, na ji ƙarar ƙofa, ya karanto sunan wata masana'anta a jihar Baja California ta Meziko.